Bakwai Tana Amsawa Daga Yamma

Litinin, da hantsi

Tun da aka rufe layukan waya a yankin nan na zama babban mutum. Ni Yahuza mai gyaran rediyo, da sai rediyon mutum ya mutu yake tuna ina raye, yau har rusuna mini ake yi a bakin masallaci. Ba don komai ba sai don akwatunan nan.

Shekarun baya wata ƙungiyar agaji ta kakkafa ƙarafa a ƙananan asibitoci, daga Ƙanƙara har Sabuwa, kowane ƙarfe da eriya da farantin sola da wani akwati da injiniyoyi ke kira rauta. Nufinsu firjin allurar rigakafi ya riƙa faɗin sanyinsa, ungozoma kuma ta iya kiran motar asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Suka koya mini abin da suka koya mini, suka ce za su riƙa leƙowa. Tun da hanya ta lalace ban sake ganin ƙeyarsu ba. Abin namu ba na kamfanin waya ba ne, shi ya sa rufewar ba ta shafe shi ba. Yanzu tagar ɗakina a asibitin Faskari ta zama gidan waya: mai sanar da rasuwa, mai gayyatar suna, mai tambayar ko hanya lafiya. Suna faɗa, ina bugawa.

Kowane akwati da adireshinsa, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Ukun farko kamar sunan unguwa ne, duk namu iri ɗaya. Ta ƙarshe ita ce lambar gida. Faskari ce ɗaya, don ni na yi rabon kuma ba mai hana ni. Sheme uku, Ƙanƙara tara. Kullum da safe nakan bi su gida-gida ta kwamfuta in ƙwanƙwasa, wanda ke da rai ya amsa.

Bakwai ta Ruwan Godiya ce. Mai kula da ita ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda bakina bai taɓa furta shi ba tun ran suna. Haka muka tarar iyayenmu na yi, haka uwarsa Baraka ke yi. A gida mai Ruwan Godiya muke ce masa. Ni na koya masa aikin, kuma a nan kaɗai zan iya faɗa: ya fi ni.

Yau kowa ya amsa.

Laraba, da hantsi

Bakwai ba ta amsa ba. Jiya an yini da hadari, wataƙila batir ne bai samu rana ba.

Laraba, bayan la'asar

Rana ta fito tun azahar, har tana ƙona ƙeya. Shiru.

Alhamis, bayan azahar

'Yan bindiga sun tashi Ruwan Godiya, mutanenta sun iso a ƙafa, da ƙunshin kaya a ka, wasu ba ko takalmi. An sauke su a makarantar firamare. Na je na tsaya cikin masu yi musu jaje kamar kowa.

Wani dattijo ya ce ƙofar asibitinsu na nan a wangale. Ƙarfen na tsaye, amma ba akwati, ba eriya, ba farantin sola, ba batir. Ya ce ba fizgar su aka yi ba, kwance su aka yi a tsanake, ko waya ɗaya ba a tsinka ba. Wata tsohuwa ta soma cewa, "Shi kau yaron, da suka tasa shi gaba," sai aka zungure ta, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki.

Duk idanu suka dawo kaina. Na tambayi firji. A gaban mutane, firji na tambaya, ko an bar shi a rufe.

Juma'a, da hantsi

Baraka ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kawo koko, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi.

"Malam, lambar nan ta amsa?"

Na ce tukuna. Ta ce to.

Ba waya, balle a kira mu a faɗi abin da ake so. Ba wanda ya aiko. Ban san ta inda zan fara neman mutum a dajin da ya miƙe har Zamfara ba.

Asabar, bayan azahar

Abin da ya ba ni haushi yau akwatunan ne.

Saƙo ba ya tafiya kai tsaye, zango-zango yake yi. Daga nan zuwa Ƙanƙara da sai ya sauka Sheme, ya sauka Ruwan Godiya, sannan ya isa. Kowane akwati maƙwabtansa kaɗai ya sani, kuma yana riƙe da jadawalin da ke gaya masa: in saƙon wuri kaza ne, miƙa wa wane. Da bakwai ta yi shiru, ɗan jira kaɗan suka yi, suka goge ta daga jadawalinsu, suka nemi wata hanya. Yanzu Sheme na magana da Ƙanƙara kai tsaye, da ƙyar, da sanyin jiki, amma saƙo na isa.

Hajiya Suwaibatu, shugabar asibitin nan, har murna ta yi. Ta ce, "Ka ga ikon Allah, abin ya gyara kanshi." Na ce haka aka yi shi.

Ko zaman makoki ba su yi masa ba. Na san ƙarfe ne da waya, amma na ji kamar in ɗauki guduma.

Litinin, da hantsi

Kowa ya amsa ban da ita.

Talata, da hantsi

Haka.

Alhamis, da hantsi

Ta amsa.

Na ƙwanƙwasa don sabo kawai, ina ma kallon taga, sai na ga layi ya fito. Na sake, ta sake amsawa. Na sake har na daina ƙirgawa. Akwatin nan ba ya tashi don an jona masa batir kawai, sai an saita eriya ta fuskanci ƙarfen wani, sai an shiga cikinsa da kalmar sirri. Mu biyu muka san kalmar a duk faɗin ƙasar nan, kuma ni ina zaune a nan.

Yana da rai. Alhamdu lillahi, yana da rai.

Na bar mutane a taga na tafi gida da sassarfa, ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sujada. Baraka na tankaɗe. Na ce, "Ta amsa." Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ta turo ƙofa. Na tsaya a tsakar gida ina jin ta.

Alhamis, bayan la'asar

Na dawo na duba da kyau, kuma da na sani ban duba ba sai gobe.

Ƙarfenmu na da eriya biyu. Wadda ke kallon Sheme ba ta jin bakwai ko kaɗan. Ɗayar ce ke jin ta, wadda aka ɗora don wani ƙauye da ya tashi tun bara. Yamma take kallo. Babu gari a can, sai duwatsu da daji.

Adireshin na Ruwan Godiya ne, amma ba daga Ruwan Godiya yake magana ba.

Asabar, da hantsi

Ba ni kaɗai ke ƙwanƙwasawa ba ashe. Da rana ta ɗan ɗaga, sai na ga an ƙwanƙwasa wa ɗaya, wato tamu, daga bakwai. Sau ɗaya tak. Wanda ke tsaye a kansa ba zai gane komai ba, zai ɗauka gwajin aiki ne. Ni na gane. Na mayar masa.

Tun da ya girma ba mu taɓa yin hirar da ta wuce ina kwana da an tashi lafiya ba. In na shigo zaure yakan tashi ya fita. Wannan ma kusan haka ne, sai dai yanzu ina zaman jiran ta tun daga sallar asuba.

Ban gaya wa Hajiya ba.

Litinin, bayan azahar

Saƙon Ƙanƙara ya yi sauri kwanan nan. Hajiya ta yaba mini. Ni kuwa saurin ne ya tsaya mini a rai, sai na bi sawun saƙo ɗaya in ga zangon da yake sauka.

Ba ya bi ta Sheme. Daga nan yamma yake nufa, ya sauka bakwai, sannan ya juya Ƙanƙara. Lalle a kan wani dogon dutse aka ɗora ta, inda take hango mu duka.

Akwatunan nan ba su san ƙarya ba, ba su san baƙon ido ba. Duk maƙwabcin da ya ce ta wurina ta fi kusa, sai su yarda, su miƙa masa kaya. Bakwai 'yar gida ce a wurinsu, ta yi tafiya ta dawo, shi ke nan. Saƙonnin namu kuwa a buɗe suke tafiya, ba a rufe ba. Duk wanda ke zaune a zango zai iya karantawa.

Na zauna ina tuna abin da na buga da hannuna cikin kwanakin nan. Wace ce ta haihu. Wa ya rasu. Wa zai taso, yaushe, ta wace hanya.

Laraba, da hantsi

Ɗanhausa, manomin nan na wajen Sheme mai dariya kamar ana buga ganga, ya zo taga ba dariya. Ran Lahadi ya sa na aika wa ƙaninsa a Ƙanƙara cewa Talata da sassafe za su kwaso masarar gonar bakin rafi, ya turo masa mota. Talata da sassafe an riga su. An bar su da ransu, an tafi da masarar da motar.

"Malam Yahuza, ni da ƙanena da kai kaɗai muka san ranar nan. Ko matata ban hwaɗa ma ba. Halan aljannu ke cikin abin naku?"

Na ce Allah ya mayar da alheri. Bai ce amin ba, ya daɗe yana kallon akwatin da ke bayana.

Laraba, bayan la'asar

Na gaya wa Hajiya. Na rufe ƙofa na zana mata a bayan kwalin magani: ga mu, ga Ƙanƙara, ga inda saƙo ke ratsewa.

Ta ce, "Ana iya toshe ta?"

Na ce ana iya. Layi kaɗan zan buga, kowane akwati ya daina sauraron bakwai.

"To mi ake jira?"

Na ci gaba da kallon zanen da ke kan kwalin. Hajiya ba yarinya ba ce, ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ɗan nawa ma a hannunta ya faɗo. Ta kira sunansa a hankali, ta ce shi ne ke kunna ta ko. Na ce ban san wanda ke kunna ta ba. Ta ce, "Malam Yahuza." Na ce shi ne.

Me zan ce mata? Mutanen da ke can ba ciyar da baƙo suke yi don Allah ba. Akwatin na da amfani, shi kaɗai ya iya lallaɓa shi, shi ya sa yake ƙwanƙwasa mini da safe. Ranar da saƙo ya daina ratsawa ta wurinsu,

Ban iya ƙarasa wannan ba, a gabanta ma ban iya ba.

Ta ce a kashe abin gaba ɗaya mana. Na ce duk ɗaya ne a wurinsa, ga kuma matan da ke naƙuda a ƙauyuka. Ta ce a riƙa aika musu ƙarya, a ce mota za ta bi gabas alhali yamma za ta. Na ce in suka yi kwanto sau biyu ba su ga kowa ba, a kan wa za su huce?

Sai na kawo tawa dabarar. In raba hanya biyu. Gaisuwa da sanarwar suna da rahoton firji su ci gaba da bi ta bakwai, su ga abu na motsi. Maganar mota da tafiya kuwa in ɗaure ta da hannu, dole ta bi ta Sheme, ko da akwati ya ce akwai hanyar da ta fi kusa.

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce aikina ne.

Juma'a, da hantsi

Dabara ta ci. Na bi sawu sau da yawa: maganar mota, ta Sheme take bi. Na ji daɗin kaina, ba zan ɓoye ba. Injiniyoyin ma da suna nan sai sun tafa mini.

Ya ƙwanƙwasa. Na mayar.

Lahadi, bayan azahar

Baraka ta soma cin abinci. Yau har ta yi wa kajin maƙwabta faɗa. Ta wanke rigunansa da ya bari, ta shanya su can bayan rumbu inda take zaton ba na zuwa.

Kullum tambayarta ɗaya, kullum amsata ɗaya. Ban gaya mata daga wace kusurwa yake amsawa ba. Ba ta tambaya ba, kuma ba don ba ta da wayo ba ne.

Talata, da hantsi

Gide direban motar asibiti ya leƙo kafin ya wuce Ƙanƙara ɗauko magani. Kamar kullum sai da ya shanye mini shayi yana zagin shayin.

"Baba Yahuza, wanga ruwan zahi ne aka nuna ma ganye daga nesa. In na dawo ni kawo maka na ƙwarai, ka ga yadda masu rai ke sha."

Na ce ya fara gyara burkinsa tukuna. Ya ce burki na matsorata ne. Zai kwana biyu can, in zai taso za su aiko da lokaci da hanyar da zai biyo, don 'yan sintiri su tarye shi.

Alhamis, bayan azahar

Saƙon Ƙanƙara ya iso da hantsi: Gide ya taso, ga hanyar da zai bi. 'Yan sintiri sun fita. Har yanzu ba su dawo ba.

Juma'a, bayan la'asar

Mun sallaci Gide bayan an sauko daga masallaci.

Asabar, da hantsi

Na shiga akwatin Ƙanƙara daga nan, na bi sawu ta can zuwa nan.

Hanyar zuwa na ɗaure. Ban ɗaure ta dawowa ba.

Kowane akwati da kansa yake yanke shawara. Na Faskari na gaya wa kada ya miƙa maganar mota yamma, ya ji. Na Ƙanƙara ba wanda ya gaya masa komai. A jadawalinsa har yanzu bakwai ce hanya mafi kusa zuwa gare mu, sai ya miƙa mata lokacin da hanyar, cikin ladabi, kamar yadda aka koya masa. Mu a ƙauye in ka san hanyar zuwa kasuwa ka san ta komowa gida. A wurin abubuwan nan ba haka ba ne, kuma na sani. An koya mini. Ni ma na koyar.

Wani ya karanta saƙon nan a kan dutsen. Ko da akwai mai karatun boko a cikinsu, ko babu. Ba zan bi wannan tunanin ba.

Kofin da Gide ya sha shayi na nan a kan taga. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Asabar, bayan azahar

Ya ƙwanƙwasa da safe. Na daɗe kafin in mayar. Na mayar.

Litinin, da hantsi

Layin taga ya ragu. Masu zuwan ma gaisuwa kaɗai suke aikawa, a taƙaice, suna kallon bayana. A masallaci an bar mini fili dama da hagu, ni da ake turereniya a gaisa da ni.

Ba wanda ya ce mini komai. Garin nan ba a faɗa wa uba maganar ɗansa na fari a fuska, ni ma ba zan iya tashi in roƙe su a kansa ba. Haka muke ta zagaye juna da sannu da aiki.

Talata, bayan la'asar

Hajiya ta shigo ta rufe ƙofa da kanta. Ba ta zauna ba.

"Malam Yahuza, ni ma uwa ce, ba sai ka hwaɗa mani komi ba. Amma ran Alhamis motar da muka aro za ta ɗauko mata biyu daga ƙauyukan hanyar Ƙanƙara. Ɗaya tagwaye ne, ɗaya jini take zubarwa tun jiya. Dole a yi magana ta abin nan, da lokaci da hanya."

Na ce zan ɗaure ta dawowar ma, zan bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce mani ka tabbata wancan karon."

Gaskiyarta. Ni kaina ban yarda da hannuna ba yanzu. Muddin bakwai na cikin jadawalin wani akwati, akwai ƙofar da na manta.

Ta ce, "Ba ni tilasta maka, don ban iya abin ba. Da na iya, da na ɗauke maka, wallahi da na ɗauke maka. Alhamis da hantsi nike aika saƙon. Kahin nan ka san abin da ka yi."

Da za ta fita ta dafa ƙofa ta ce uwar Gide ta aiko a gaishe ni. Na rasa inda zan sa idona.

Laraba, da hantsi

Na rubuta layukan. Suna nan a kan gilashin kwamfuta, saura in danna maɓalli ɗaya. Gajeru ne ƙwarai, sanarwar suna ma ta fi su tsawo.

Ya ƙwanƙwasa.

Laraba, bayan azahar

Ban danna ba.

Laraba, bayan la'asar

Na sa yatsa na ɗauke. Na je na yi alwala na dawo. Na gyara wani rediyo da aka kawo tun kafin azumi, mai shi ma ya manta da shi. Na share ɗakin.

Ina tsoro. Ban taɓa jin irin wannan tsoron ba, har cikin haƙorana nake jin sa. In na danna, ni na yi. In ban danna ba, ni na yi.

Gobe kafin hantsi.

Alhamis, da hantsi

Na zo tun rana ba ta fito ba, na zauna gaban layukan. Na ce bari in jira ya ƙwanƙwasa tukuna, in mayar masa, sannan. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Na san in ya ƙwanƙwasa zan ce bari in jira Hajiya, in ta zo in ce bari in sha ruwa.

Ya ƙwanƙwasa a lokacinsa. Na mayar.

Sai wani layi ya fito wanda ba ni na buga ba.

Ta hanya biyu akwati yake barin maƙwabtansa. In wuta ce ta ɗauke, ko an fasa shi, ko an tsinke waya, shiru kawai yake yi. Sauran su yi ta kira, su gaji, su goge shi. Amma in mai shi ne ya zauna ya rufe shi da hannunsa bisa ƙa'ida, to kafin ya tafi yakan aika wa kowane maƙwabci saƙon bankwana: na janye, kada a sake miƙo mini komai, ku nemi wata hanya.

Shi ne ya fito. Bakwai ta janye hanyar Ƙanƙara. Ta janye tamu. Ta janye kanta. Akwatunan suka karɓa nan take, ba jira, saƙo ya koma bi ta Sheme, zuwa da dawowa.

Na ƙwanƙwasa, babu. Na duba eriyar yamma, ko ɗuriyarta babu. Da ni na toshe, da akwatin na nan da ransa a bayan ƙofa, ina jin numfashinsa, ranar da na so in buɗe. Wannan ba toshewa ba ce. Goge shi mai Ruwan Godiya ya yi tas, har adireshin, yadda ba mai sake tayar da shi ko da an sa masa wuƙa a wuya.

Ya san abin da ya faru ran Alhamis ɗin can. Ya san ni. Ya san zan zauna a nan yatsana a kan maɓalli har a sake sallatar wani. A gabansu ya yi, suna tsaye a kansa.

Layukana na nan a kan gilashi, ban danna ba.

Hajiya ta shigo ta ce, "An yi?" Na ce ta aika saƙonta, hanya ta gyaru. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce Allah ya saka mini da Aljanna. Na buga mata saƙon.

Alhamis, bayan la'asar

Motar ta iso lafiya. An shiga da matan biyu. Ina jin kukan jarirai daga nan.

Labari ya riga ni zuwa masallaci. Sahu ya matse ni dama da hagu. Ɗanhausa ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, ya ce samun irina sai an tona. Liman ya sa mini albarka. Na yi ta cewa amin.

Alhamis, bayan magariba

Baraka na zaune a bakin murhu, ba wuta. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Malam, mata na ta shigowa suna yi mani sannu. Sun ce ka toshe lambar nan."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kai ka toshe?"

In na faɗa mata gaskiya, za ta san abin da na sani: shi ya yi bankwana, kuma babu sauran abin da za a ƙwanƙwasa. In na ce ni ne, yana nan a bayan ƙofar da ubansa ya rufe. Za ta iya ƙina. Za ta iya ci gaba da jira.

Na ce, "Ni ne."

Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba sai yau. Ta daɗe. Sannan ta sunkuya ta soma tura kara cikin murhu.

Ta ce, "To. In abin ya lafa, ka buɗe mashi."

Na ce, "Zan buɗe."